Tambaya da Amsa: Houdini, ɗan dabon da ankwa ta kasa riƙewa

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon yawancinsu a kan mutum ɗaya suke, wato Harry Houdini, ɗan dabon Amurka da ya yi suna wajen kuɓuta daga ankwa da sarƙa da akwatin ruwa. Mun haɗa masu kama da juna, masana aikin dabo na dandamali suka amsa.

Tambaya: Don Allah wane ne Houdini? Gadon siddabaru ya yi, ko koya ya yi da rana tsaka?

Amsa: Malam, bai gada ba. An haife shi a Budapest ta ƙasar Hangari ranar 24 ga Maris 1874, sunansa na asali Erik Weisz, mahaifinsa kuma malamin addinin Yahudawa ne. A 1878 iyalin suka koma Amurka, suka zauna a garin Appleton na jihar Wisconsin. Ba a jima ba uban ya rasa aikinsa, babu ta yi wa gidan katutu. Yaron ya sayar da jarida, ya goge takalma, daga baya da suka koma Niyok ya sami aikin yankan yadi a wata masana'antar ɗinki. A 1891 ya bar aikin ya kama dabo, ya ari sunan Robert-Houdin, Bafaranshen nan mai gyaran agogo da ya mayar da dabo sana'ar manyan gidajen kallo.

Shekara takwas na farko wahala ce zalla. Wasan karta yake yi a rumfunan kallo masu arha, inda ake biyan santi goma a shiga, ya maimaita wasa ɗaya sau da yawa a yini. A 1894 ya auri Bess Rahner, ta zama abokiyar wasansa. Ƙofa ta buɗe a 1899, lokacin da wani mai shirya wasanni, Martin Beck, ya kalle shi a birnin St. Paul na Amurka ya ba shi shawara ya ajiye karta ya riƙe ankwa, ya kuma ɗauke shi a kan dala 60 a mako. A 1900 ya haye Turai, Landan da Jamus suka ɗauka.

A wasan hannu akwai waɗanda suka fi shi a zamaninsa, nesa ba kusa ba. Inda babu na biyunsa shi ne sanin yadda zai sa gari ya ɗauki zancensa. In ya sauka a gari, ofishin 'yan sanda yake fara zuwa tare da 'yan jarida. A tuɓe shi, a caje shi, a kulle shi a sel, ya fito. Washegari labarin na shafin farko, gidan kallo ya cika ba tare da ya biya kuɗin talla ba.

Tambaya: Kakana ya sha faɗa mana cewa babu mai buɗe ankwa ba mabuɗi sai da taimakon aljanu. Yaya abin yake?

Amsa: Allah ya ƙara wa kaka lafiya, amma a nan babu aljani. Sanin makulli ne da shiri.

Ankwar wancan zamani ba ta da nau'o'i da yawa, kuma duk ankwar da kamfani ɗaya ya ƙera a kan samfuri ɗaya, mabuɗi ɗaya ke buɗe ta. Mutumin da ya tara mabuɗan samfuran da 'yan sanda ke amfani da su, ya kuma iya gane kowanne da kallo ɗaya, ya gama rabin aikin tun kafin a ɗaure shi. Houdini ya yi shekaru yana sayen makullai yana kwance su yana mayarwa. Wata ankwar ma ba ta bukatar mabuɗi: sifirin ne kawai ke riƙe da harshenta, in an buga ta a kan abu mai tauri a daidai wurin da ya kamata, harshen ya ja baya ta buɗe.

Sai dabarar jeri. Idan mutane biyar suka hau dandamali kowa da ankwarsa, shi ke cewa a fara da wannan, a bi da waccan. Wadda bai sani ba, ko yake zargin an taɓa ta, sai ya sa a ɗaura ta can sama a kan kaurin hannu kusa da gwiwar hannu, sauran a jera su ƙasa. Da ya buɗe na ƙasan, ta saman sai ta zamo zuwa wuyan hannu inda ta yi masa yawa, ya zare hannunsa ba tare da ya taɓa makullinta ba. Yana kuma da sharaɗi: a kulle ankwar a buɗe a gaban kowa kafin a sa masa. Dalili shi ne wasu kan cusa ƙarfe ko wani abu a ramin mabuɗin don kada ta ƙara buɗuwa. A Blackburn ta Ingila a 1902 wani mai koyar da motsa jiki ya zo masa da irin waɗannan, ya ɗaure shi tamau. Ya fita, amma bayan doguwar wahala, hannuwansa duk jini.

Kada a manta kuma a bayan labule yake aikin, cikin wata 'yar rumfa, makaɗa suna ta kiɗa don kada a ji ƙarar ƙarfe. Mabuɗi na iya kasancewa a jikin rumfar, ko a hannun yaransa da ke taya shi shiga. Jinkirin ma wani lokaci na wasa ne, domin in ka fito cikin minti ɗaya 'yan kallo za su ce abin ba wuya. Shahararren wasansa na ranar 17 ga Maris 1904 a Landan, da ankwar da jaridar Daily Mirror ta kawo, ya ɗauki fiye da awa ɗaya. A tsakiya ya fito ya roƙi a cire masa ita ya tuɓe kwat, aka ƙi, sai ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya buɗe ta da haƙori ya yayyanka kwat ɗin a jikinsa. Jama'a suka ruɗe da tafi. Masu tarihin dabo da dama na ganin shiri ne tsakaninsa da jaridar, kuma kowanne ya ci riba.

Shi da kansa ya sha faɗa cewa ba shi da wani asiri. Abokinsa, marubucin Birtaniya Arthur Conan Doyle, ya dage cewa narkewa yake yi ya ratsa bango, ya ƙi yarda da musun mai abin, har abotar ta lalace. Shekarunsa na ƙarshe kuwa a kan tona asirin masu cewa suna kiran ruhin matattu suka ƙare. A 1924 ya yi fito-na-fito da wata mai wannan da'awa a Boston da ake kira Margery, a 1926 kuma ya je gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka yana goyon bayan a hana duba don kuɗi a birnin Washington. Hujjarsa ita ce dabarun da suke cin kuɗin masu makoki da su, su ne dai nasa na dandamali.

Tambaya: Na ga hotonsa a cikin wani ƙaton gwangwani cike da ruwa, an rufe da kwaɗuna. Ta ina ya fita, kuma me ke hana mutum nutsewa?

Amsa: Wannan gwangwanin madara ne, ya fito da shi a St. Louis a watan Janairun 1908, bayan masu kwaikwayo sun yi wa wasan ankwa yawa har ya daina kawo kuɗi. Ana cika shi da ruwa, ya ce wa 'yan kallo su gwada riƙe numfashi tare da shi, ya shiga ya tsuguna, a ƙara ruwa har ya malalo, a rufe murfi a sa kwado shida, a ja labule.

Sirrin ba a kwaɗunan yake ba, su na gaskiya ne, kowa na iya kawo nasa. A wuyan gwangwanin yake. Wuyan da aka kulle murfin a jikinsa ba a haɗe yake da gangar jikin ba, zama kawai ya yi a kai, kawunan ƙusoshin da ake gani a kewaye kuma na ado ne. Daga waje ba ya ɗaguwa cikin sauƙi, saboda santsi da siffarsa ba su ba hannu wurin kamawa. Daga ciki kuwa, in mutum ya tura da kafaɗa, wuya da murfi da kwaɗuna duk su tashi tare. Ya fito, ya mayar, ya tsaya yana ɗigar ruwa.

Abin da ke hana nutsewa biyu ne: horo da mutumin da ke tsaye a gefe. Houdini yakan yi atisayen riƙe numfashi a bahon wanka na gidansa, har da ruwan ƙanƙara saboda tsallen da yake yi cikin koguna da ankwa a hannu. A dandamali kuma akwai yaronsa riƙe da gatari, yana ƙirga lokaci. 'Yan kallo na ɗauka don tsoratarwa ne, to har da hakan, amma gatarin na gaske ne. Haka aka yi da akwatin ruwan da ya fito da shi a Berlin a 1912, mai gilashi a gaba, inda ake sa ƙafafunsa a turu a zura shi kai ƙasa.

Inda ake mutuwa a wannan sana'a, sau da yawa a kan kayan aiki ne. Wani ɗan dabo mai suna Genesta ya rasu a 1930 a wasan gwangwanin nan: an yar da gwangwanin wajen sauke kaya, ya lotsa, wuyan ya cije, kuma ba a gwada shi ba kafin wasa. A watan Maris 1918 a Landan, William Robinson, Ba'amurken da ke wasa da sunan Chung Ling Soo, ya mutu a wasan cafe harsashi. An gyara bindigarsa yadda albarushin da ke ƙaramin bututu na ƙasa ne kawai zai tashi, harsashin da ke babban bututu ya zauna. Amma shekara da shekaru yana kwance gindin bindigar don ya fitar da harsashin bayan wasa, haƙoran notin suka cinye, garin albarushi ya riƙa silalewa ta wurin. A daren nan wuta ta kama duka biyun. Saboda haka ƙa'idar masu irin wannan wasa ita ce a gwada kowace na'ura a bushe, a wurin da za a yi wasan, bayan an sauke ta daga mota, ba kafin a loda ta ba. Ga mai karatu kuma, wasan ruwa da na binnewa ba abin gwadawa a gida ba ne ko kusa. Houdini kansa ya kusa tafiya da ya sa aka binne shi a rami a Kalifoniya, nauyin ƙasa ya danne shi, da ƙyar ya tono hannunsa waje aka jawo shi.

Tambaya: Ita rigar ɗaure mahaukatan fa? An ce gurɗe kafaɗarsa yake yi.

Amsa: Zancen gurɗe kafaɗa ya fi kama da talla. Rigar ta tamfol ce mai dogayen hannuwa rufaffu, ana harɗe hannuwan mutum a ƙirji a ɗaure su ta baya da maɗaurin fata. Dabarar tana lokacin ɗaurin: ya cika ƙirji da iska, ya buɗa kafaɗu, ya damƙe ɗan yadi a hammata ba a sani ba, ya kuma tabbata hannunsa mai ƙarfi ne a sama. Da ya saki numfashi, rigar ta yi sako-sako. Da wannan sararin zai tura gwiwar hannu sama har hannun ya tsallake kai, ya kwance maɗaurin da haƙori, sauran kuma ta cikin tamfol ɗin. Rataye shi da ake yi kai ƙasa daga dogon bene, ga dubban mutane a titi, sauƙaƙa masa yake yi, domin nauyin hannuwan na taya su zuwa wajen kai. Ƙanensa Hardeen ne ya gano cewa yin wannan a fili, ana ganin fafutukar, ya fi bayan labule tasiri.

Tambaya: Gaskiya ne a cikin akwatin ruwa ya mutu?

Amsa: A'a, wani fim na 1953 ne ya shuka wannan a kan mutane. A watan Oktoban 1926 ya karya idon sawu a Albany yayin da ake ɗaga shi zuwa akwatin ruwan, ya ƙi hutawa. Ranar 22 ga watan, a ɗakin shiryawarsa a Montreal ta Kanada, yana kishingiɗe saboda ƙafar, wani ɗalibi ya tambaye shi ko gaskiya ne cikinsa na jure naushi, ya kuma dirka masa kafin ya ɗaure ciki. Ya ci gaba da wasa da ciwo. A Detroit likita ya ce afendis ne, a tafi asibiti yanzu, ya ce sai ya gama wasan daren, ya hau dandamali da zazzaɓi mai maki 40. Ko da aka yi masa aiki afendis ɗin ya riga ya fashe, ruɓa ta bazu a ciki, kuma a lokacin babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yau. Ya rasu ranar 31 ga Oktoba 1926 yana da shekara 52. Likitoci da yawa na ganin ciwon ya riga naushin, naushin dai ya sa ya ɗauka tsamin duka ne kawai ya ƙi zuwa asibiti da wuri.

Tambaya: Ɗana mai shekara goma sha huɗu ya nace sai ya koyi dabo. Ta ina zai fara, kuma me zan hana shi?

Amsa: Hajiya, ki hana shi abu huɗu kai tsaye: wuta, ruwa, kaifi, da duk igiyar da za ta kusanci wuya ko akwatin da ke kulluwa. Sauran ki bar shi, sana'a ce ta haƙuri da lura.

Ya fara da tsabar kuɗi guda ɗaya, babba. Ya riƙe ta a hannun hagu, tafin na kallon sama, gefenta tsakanin babban yatsa da yatsu biyu na farko. Hannun dama ya zo kamar zai ɗauka, babban yatsansa ya shiga ta ƙarƙashin kuɗin, sauran yatsun su rufe ta gaba. A daidai lokacin da suka rufe, babban yatsan hagu ya sassauta, kuɗin ya faɗa gindin yatsun hagu. Dama ya dunƙule ya tafi gefe, idonsa ya bi shi, hagu kuma ya sauka a sake kamar ba komai a ciki. Sai ya buɗe dama a hankali, wayam.

Kurakuran mai koyo sanannu ne. Hannun hagu yakan sandare, yatsu a ƙage, kowa ya gane akwai abu. Ko ya saci kallon hagun, alhali 'yan kallo inda idonka ya je nan nasu ke zuwa. Ko ya yi sauri, yana zaton hannu na iya tsere wa ido. Ba ya iyawa, saurin ma shi ke jawo zargi. Zobe a yatsa na sa kuɗin ya yi ƙara in ya faɗa. Wanda ke tsaye ta bayan kafaɗarsa ta hagu kuwa zai ga komai, don haka tun kafin ya fara ya san inda kowa yake. Maganin yawancinsu ɗaya ne: ya ɗauki kuɗin da gaske sau ashirin a gaban madubi yana lura da yadda hannuwansa ke yi, sannan ya kwaikwayi wannan motsin daidai. Bayan madubi ya ɗauki kansa da kyamarar waya, domin mai koyo kan ƙifta ido a daidai wurin dabarar, madubi ba zai nuna masa ba.

Daga nan ya koma kofuna da ƙwallaye, ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin dabo a duniya: kofi uku, ƙananan ƙwallaye huɗu, 'yan kallo uku suka sani. Wannan na huɗun da ke gaba da su da taki ɗaya shi ne tushen wasanni masu ɗimbin yawa.

Kada ya tara dabaru hamsin rabi-rabi. Uku da ya iya sosai sun ishe shi wasan minti goma: na farko gajere mai ɗaukar ido, na tsakiya wanda zai kira wani ya taya shi, na ƙarshe mafi ƙarfi. Ya rubuta abin da zai faɗa ya haddace, domin baki na ɗaukar rabin aikin. Kada ya faɗi abin da zai faru kafin ya faru, kada kuma ya maimaita wasa ɗaya ga mutane ɗaya komai roƙonsu, don a karo na biyu ba kallo suke ba, bincike suke. Ki kuma ja masa kunne ya riƙa faɗa a fili cewa wasa ne. Ranar da ya karɓi kuɗin wani da sunan zai ninka masa, ya tashi daga ɗan dabo ya koma ɗan damfara, kuma manyan ƙungiyoyin sana'ar, irin ta Amurka da aka kafa a 1902, wadda Houdini ya shugabanta daga 1917 har rasuwarsa, da Magic Circle ta Landan ta 1905, don nishaɗi suka san sana'ar, ba don wannan ba.

Tambaya: Matar Houdini, Bess, rakiya kawai take yi, ko tana da aiki a wasan?

Amsa: Ita ce ma ke yin mai wuyar a wasan da ya fara fito da su. Ana ɗaure hannuwan Houdini, a sa shi a buhu a ɗaure bakin, a sa buhun a akwati, a kulle a naɗe da igiya, a tura cikin rumfa. Bess ta tsaya a bakin labule ta tafa sau uku ta shige, sai ga Houdini ya yaye labulen. A kwance igiya, a buɗe akwati da buhu, ita ce a ciki, hannuwanta a ɗaure.

Akwatin na da allo ɗaya da ke buɗewa ta ciki, a wurin da igiyar ba ta tare ba, buhun kuma ta gindi ake fita, bakinsa na nan a ɗaure. Shi yana da duk lokacin da ake kulle-kulle da naɗin igiya don ya kwance kansa ya shirya. Ita kuwa daƙiƙu kaɗan gare ta ta faɗa ta ramin, ta ja allon ya rufe, ta shige buhun ta zura hannuwa cikin ɗaurin, duk a cikin duhu, yayin da mijin ke karɓar tafi yana jan kwance igiyar don ya saya mata lokaci. Ƙaramin jikinta ya taimaka ƙwarai. In allon bai zauna daidai ba, ko gefen rigarta ya maƙale a bakinsa ya leƙo waje, duk wanda aka kira ya duba akwatin zai gani, shi ya sa masu wannan wasa ke sa tufafi masu kama jiki marasa geza.